Malam Maharazu, Mai Mayar da Fuska

Hantsi na dubawa Malam Maharazu zai shimfiɗa tabarma a bakin zaurensa da ke Shahuci, ya jiƙa ɗan burushinsa na gashin akuya, wanda bai kai tsinken sakace kauri ba. Sana'arsa zanen fuska a takardar da ba ta wuce gidan ashana ba. A kawo masa hoton mamaci da ya koɗe, ya mayar masa da kamanninsa.

Duk unguwar an san labarin Gwaggo Dije. 'Yarta Bahijja ta rasu ta bar hoto ɗaya tak, shi ma ruwa ya ci rabinsa. Jikoki suka kai wa masu gyara da kwamfuta, aka dawo da wata fara tas, kumatu sumul, an goge billen gefen hancinta wai tabo ne. Tabo fa! Zanen gidansu da wanzami ya tsaga mata tana jaririya. Gwaggo ta ture hoton, ta ce ba 'yarta ba ce.

Maharazu bai taɓa burushi ba sai da ya zaunar da tsohuwar ta ba shi labarin yarinyar: ina take karkata ɗankwali, yaya wushiryarta take. Da ya gama ya miƙa mata, ta daɗe tana kallo.

"Ga ta nan," ta ce, "har da harararta."

Malam, kai ne wanda ake zunɗe a majalisa wai aikinka haramun ne, a koma gida a aiko maka da hoton uwa a ɓoye. Ba ka taɓa tona kowa ba. Yau yanar ido ta rufe maka gani, yanar da likita ke cirewa a hantsi guda, amma an rasa mai riƙe hannunka zuwa asibiti. Wallahi abin da takaici, kuma kunyar tamu ce.

Gwaggo Dije kaɗai ke zuwa, da sandarta. Ta kwance zanen 'yarta daga bakin zani ta ɗora wa Malam a tafin hannu, ya ce ta faɗa masa yadda ya fito. Ita kuma ta sake ba shi labarin Bahijja.

Allah ya saka maka, Malam. Ku kuma masu gyaran hoto, ku koyi tambaya kafin ku goge. Sauran mutanen Shahuci, a tashi a kai shi asibiti. In kun je ku faɗi sunanku. Fuskokin iyayenku ya haddace, taku ce ba ya gani.