Hajiya ta mari injinmu na pinball

Pinball injin wasa ne da ake hana ƙwallon ƙarfe faɗawa rami. Ƙwallon na shirin faɗawa, sai Hajiyarmu ta kai wa injin mari a gefe, irin wanda take yi wa rediyonta a Kano. Nan take wasan ya mutu.

Aikina ne. Wata uku na yi ina haɗa sensor mai kashe wasa da zarar an jijjiga injin da niyyar maguɗi, don kamfaninmu na Aston ya sha gaban abokan hamayya, masu injin da ke jure duka.

Na yi mata bayani ina ta alfahari.

Ta ce, "Wato naku fushi yake yi? To, kai ni wajen na masu haƙurin."

Gobe muna da meeting. Jama'a, in faɗa wa oga mahaifiyata ma ta sauya sheƙa?