Famfon Ƙofar Gidan Baba Bita

Tun da ya yi ritaya daga aikin magatakarda, ba a yi wata bita a garin ba tare da shi ba. Ya halarci ta wanke hannu, ta kiwon zuma, har da ta masu shayarwa, inda ya zauna a layin gaba yana gyaɗa kai. Daga nan 'yan unguwa suka laƙaba masa Baba Bita, kuma sunan bai dame shi ba. Jakunkunan taro sun cika bayan ƙofar ɗakinsa, matarsa tana zuba albasa a wasu. Ya san lokacin da ake tafi, ya san kujerar da ta fi kusa da teburin shayi, kuma duk tambayar da aka yi masa amsarsa ɗaya ce: "A wayar da kan jama'a."

Da ya ji za a fara shirin koyon juna na mako shida a kan tattalin muhalli da gyaran unguwanni, shi ya fara rubuta suna. Ranar farko ya shiga ɗakin taron ya tarar babu mumbari, kujeru a zagaye. Jami'ar shirin, wata matashiya mai fara'a, ta ce a nan babu malami babu ɗalibi. Ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni zai zaɓi matsala guda a unguwarsu ya gyara da hannunsa.

"Da hannu, 'yata?" in ji Baba Bita.

"Da hannu, Baba."

Rukuninsa su uku ne: shi, da wata tela mai shago a bakin titi, da wani mai gyaran famfo wanda ba ya son magana. Nan take Baba ya naɗa kansa shugaba, ya kawo shawarar su tunkari ɗumamar duniya gaba ɗayanta. Tela ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baba, ni dai kullum sai na tattare zanena in zan wuce ƙofar gidanka. Famfon nan shekara biyu yana zuba."

Ya ce wannan ƙaramin al'amari ne. Aka kaɗa ƙuri'a, biyu suka rinjayi ɗaya.

Bai karaya ba. Ya ce aiki ba ya yiwuwa sai da tsari. Mako uku suka yi suna zama a kan maganar famfon. Ya zana bishiyar matsala a babbar takarda, saiwoyinta jahilci da sakaci, rassanta zazzaɓi da santsi. Ya kafa ƙaramin kwamiti mai mutum uku, su ɗin dai. A zama na huɗu mai gyaran famfo ya ce zai fita ya sha iska. Kafin Baba ya gama karanta bayanin zaman da ya gabata, mutumin ya dawo yana goge hannu a wando.

"Na gyara," ya ce. "Roba ce ta cinye."

Baba Bita ya ji haushi ƙwarai, don ba a kai ga matakin aiwatarwa ba tukuna. Amma ya haƙura, ya tsaya kusa da famfon riƙe da sifana aka ɗauke shi hoto.

Bayan kwana biyar aka yi sallama a ƙofar gidansa da hantsi. Gwaggo ce, tsohuwar da ke bayan katangarsa, ta zo da ganyen alayyafo a yanƙwane a hannu.

"Wane ne ya kashe mini lambu?" ta tambaya.

Ashe tun da famfon ya fara zuba ta haƙa 'yar hanya da bakin fartanya, ruwan yana bi ta gindin katanga yana shiga bayan ɗakinta. Da shi ta raya alayyafo da tumatir da gwanda biyu, rabin layin a wurinta suke tsinka. Matar Baba ta leƙo ta ce, "Maigida, ganyen da kake yabo a miya ai nata ne."

Ya buɗe baki zai ce a wayar da kan jama'a, ya dubi fuskar Gwaggo, ya fasa.

Ya kai maganar gaban 'yan shirin yana fatan a ce kowa ya koma gida. Sai jami'ar ta hau murna, ta ce irin darasin da suke nema ke nan. Washegari aji guda suka ɗunguma zuwa bayan ɗakin Gwaggo, tana nuna musu yadda ake karkata ruwa, suna rubutawa. Jami'ar ta ce wannan shi ake kira sake amfani da ruwa. Gwaggo ta ce ba ta san abin yana da suna ba. Mai gyaran famfo ya duba ya ce ruwan wanke kayan miya da na ɗaurayar kwanuka na gidan Baba zai ishi lambun, in an ja bututu. Sai dai a haƙa rami taku ashirin, kuma ta cikin gidan shugaba ramin zai bi.

Kwana biyu Baba Bita yana haƙa. Tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya riƙe, matarsa tana gasa masa da tawul tana danne dariya. Ran da ruwan ya fara sauka a gindin gwanda, ya daɗe a tsugune yana kallo, bai ce a ɗauki hoto ba.

Wata guda bayan rufe shirin, takarda ta iso masa. Wata ƙungiya ce ke gayyatarsa ya yi jawabi a matsayin ƙwararre kan sake amfani da ruwa. Ya sa aka goge masa riga, ya biya ta rumfar mai gyaran famfo da biro a hannu.

"Ɗan'uwa, wannan abin na jikin bututu da ya lanƙwasa a kusurwar katanga, me kuke ce masa?"

"Gwiwa."

"Gwiwa kawai? Ba shi da wani suna mai ɗan nauyi?"

Mai gyaran famfo ya ce iyakar abin da ya sani ke nan. Baba ya rubuta, ya ce su tafi tare ko da za a yi tambayoyi. Mutumin ya ce yana da aiki a wani gida, tankinsu na yoyo.