Kwaɓin Gwaggo Hajo Ya Koma Wuta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, maginiyar tukwane ta Zagga. Da kuka ya kamata in rubuta wannan, amma ku yi mini uzuri, tun ranar Talata bakina ya ƙi rufuwa, har maƙwabta sun fara tambaya ko an naɗa ni sarauta ne.

Ɗiyata Asma'u ta karanto aikin yumɓu a makaranta, ta dawo ta ce sai ta tayar da matoyar Gwaggo, wurin gasa tukwane, da ciyawa ta cinye. Sau biyu tana gina randuna, sau biyu suna tsattsagewa tun ba su ga wuta ba. Uwarta ta ce in aka yi na uku haka, a rufe zancen, ta je ta nemi aikin ofis.

Gwaggo ba ta san boko ba, amma ta san ruwan yumɓun da ake shafe randa da shi kamar yadda na san hanyar kwanon tuwo. Takan tsoma hannu ta ɗaga. In ya zuba kamar koko, ruwa ya yi yawa, zai tsuke wajen bushewa ya ja jikin randa ya tsage. In ya maƙale kamar tuwo, baya zai bushe ciki na ɗanye, wuta ta fasa randar. Sai ya gangaro a hankali ya tsaya a wuyan hannu take yarda.

Na san haka da jikina. Ina saurayi na taɓa ƙara wa kwaɓinta ruwa don ya yi saurin shafuwa. Kashegari randunan sun yi zane kamar ƙasar fadama da rani, ta bi ni da muciya har na kusa tsallaka Benin ba takarda.

Da na leƙa aikin Asma'u, ga wani kofi mai huda a gindi, tana ƙirga gudun kwaɓin da agogon waya. Ta auna daidai, amma in ya yi mata nauyi a hannu sai ta ɗan tsarga ruwa. Na ce, "Ɗiyata, wannan ɓarnar ta gado ce, daga gare ni kika kwaso ta." Ta daina, ta gina wasu randunan ta shanya su a inuwa, ta yi haƙuri.

Da a ce Gwaggo ta ga kofin nan, na tabbata za ta ce an huda kwano mai kyau a banza, sannan ta faki ido ta gwada shi.

Ranar Talata aka kwashe randunan daga wuta, ko ɗaya ba ta tsage ba. A kasuwa wata tsohuwa daga tsallaken iyaka ta ƙwanƙwasa randa da ɗan yatsa, ta kara kunne, ta dubi Asma'u ta ce, "Yarinya, ashe Hajo tana nan da rai?" Allah ya jiƙan Gwaggo. Na rasa yadda zan ce wa tsohuwar nan a'a.