Tsohon da ke raya itatuwa a cikin ordinatar

Aikina a Keita shi ne ƙidayar itatuwa. Ana dasa su a gefen tudu, mu kuma mu bi bayan shekara mu rubuta wanda ya kama da wanda ya bushe. Ina cikin wannan aiki wani abokina da ke biro a Madawa ya gaya mini cewa yanzu ana koya wa ordinatar, wato kwamfuta, ta gane abu da kanta in an nuna mata misalai da yawa, kuma darussan suna nan a intanet kyauta. Kalmar kyauta ce ta kama ni.

Duk sati sai ya turo mini sabon kwas, ya ce wannan ya fi na satin jiya. Ni kuma sai in ajiye wanda na soma in koma sabon. Rezon waya a gidanmu ba ya ɗaukar bidiyo, don haka ran Asabar nakan hau taksi zuwa Madawa in cika waya da darussa, in dawo ina jin kaina kamar wanda ya yi awon hatsin shekara. Cikin wata shida na san darasin farko na kwas goma sha ɗaya. Darasi na biyu kuwa, a kwas huɗu kawai na kai gare shi.

Kusan duk malaman da misali ɗaya suke farawa: wani jirgin ruwa da ya nutse tun zamanin kakanni, a sa ordinatar ta faɗi wa ya tsira, wa ya halaka. Matata ta ji labarin da Faransanci, ta ji shi da Turancin da nake bi da ƙyar, har wata rana tana tankaɗe ta tambaye ni ko mutanen nan har yanzu ba su gama nutsewa ba. Ta ce in akwai dangina a ciki in faɗa mata ta yi mini gaisuwa.

Maganar ta ɗan sosa ni. Na yanke shawara zan yi abu guda da hannuna: in koya wa ordinatar ta bambance itace mai rai da matacce daga hoto. Na ɗauki moto na nufi wani fegi wajen Allakaye, inda wani dattijo yake gadin dashe tun ina ɗan lakwal, ina karatun boko. Ya san kowace bagaruwa da kowane gawo kamar jikokinsa. Kwana uku muna yawo, yana nuna mini ina ɗauka.

Na dawo na zuba hotunan, na bi darasi layi-layi. Da na gwada, ordinatar ta ci kusan duka. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na kira abokina na Madawa, ya taya ni murna, ya kuma ce hanyar da na bi ta tsufa, zai turo mini sabuwa.

Shef ɗinmu, shugaban biro, ya ji labari, ya ce in nuna wa ma'aikata ran Litinin. Dattijon ma ya shigo Keita ganin likitan ido, sai na gayyato shi, aka ba shi kujerar gaba. Na yi bayani mai tsawo da kalmomin da ni kaina ban gama fahimta ba, na nuna hotuna goma, ordinatar ta faɗi daidai goma.

Shef mutum ne mai son taɓa abu da hannunsa. Ya ce mu fita tsakar biro. Akwai wata dogonyaro a bakin ƙofa, kore shar, a inuwarta muke shan shayi. Ya ɗauki hotonta. Ordinatar ta ce matacciya ce. Ya sake ɗauka daga wani gefe, ta sake kashe ta. Na ce wataƙila hasken rana ne.

Dattijon ya taso ya ga abin da ake yi, ya jingina da falwayar kuran, sandar wayar lantarki. Sakatariyarmu, don tsokana, ta ɗauki hoton falwayar da shi a ciki. Ordinatar ta ce itace mai rai. Aka tsayar da shi kusa da moton shef, shi ma moton ya rayu. Aka kai shi gindin dogonyaron, nan take ta farfaɗo.

Sai a lokacin na buɗe hotunan Allakaye na dube su da idon basira. Duk itacen da ya kama, dattijon yana tsaye a gefensa da rawani da sanda, yana murmushi. Matattun kuwa daga nesa yake nuna mini su, ya juya baya. Ordinatar ba ta taɓa kallon ganye ba, shi ta haddace.

Aka yi dariya har direbanmu ya zauna a ƙasa. Da aka bayyana wa dattijon, bai yi dariya ba. Ya gyara rawani ya ce mini, "Malam, ai na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Wanda na tsaya a kansa shi ke rayuwa."

Bayan sati biyu na koma fegin don sabbin hotuna. Na roƙe shi ya riƙa matsawa gefe, ya ƙi, ya ce ba a ɗaukar itacensa ba da shi ba. Muka daidaita a kan zai tsaya a gefen matattun ma. Ya tsaya, amma fuska a murtuke kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Baba, ka ɗan saki fuska," na ce, "in ba haka ba fuskarka za ta haddace."

Ya ce shi ba ya murmushi a gaban gawa. A ƙarshe ya yarda ya riƙa juya wa kamara ƙeya a kowane itace, mai rai da matacce. Haka muka yi kwana uku ina ɗaukar itatuwa da bayan rawani. Wannan karon, da ba fuskar da za ta haddace sai itace, ordinatar ta riƙa kuskure kusan ɗaya cikin huɗu, na kai wa shef sakamakon a haka, ya sa hannu ya ce a ci gaba.