Iya Sikira da Lissafin Anko

Duk wanda ya zauna a Fagge ya san Iya Sikira mai girkin biki ba ta taɓa tambayar uwar amarya mutum nawa za su zo ba. Sai dai ta kanne ido ɗaya, ta ja kunnenta, ta faɗi mudun shinkafar da za a auna. Abin alfaharinta guda ne a duniya: abinci bai taɓa yankewa a bikin da ta riƙe ba.

Ni 'yar maƙwabtanta ce, na sha raka ta kasuwar Sabon Gari. Wata rana ta zura hannu can ƙasan buhu, ta damƙo shinkafa, ta baza a tafinta.

"Tsakuwa huɗu a hannu ɗaya! Malam, buhun nan akwai mudu guda na dutse. An ce maka gini zan yi?"

Mai shinkafar ya rantse ba haka ba ne. Ta sa aka juye, aka tsince. Wallahi kaɗan ya rage mudun ya cika!

Sirrinta kuwa anko ne. Sai ta je wurin mai atamfa ta ji mata nawa suka yanka, ta ninka sau uku. "Kowace mai anko tana jawo biyu marasa anko," in ji ta, "ƙawa ɗaya, mayunwaciya ɗaya."

To, bikina ya faɗo shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur. Mata ɗari biyu suka yanki ankona. Iya ta ja kunne, ta ɗora tukwanen mutum ɗari shida. Ashe a bana ƙawar da mayunwaciyar duk sun samu kuɗin atamfa, suna cikin ɗari biyun! Aka ci, aka ƙulla a leda, shinkafa ko gezau.

Innata ta ce, "Iya, yau dai lissafi ya ɓaci."

"Lissafina lafiyarsa ƙalau. Mutanen ne ba su zo ba!"

Ta sa aka kwashi tukwanen zuwa tashar jirgi, ta tsaya da ludayi tana kiran 'yan dako da matafiya: "Ku ne baƙin da kuka makara, ku zo!" Daga ranar, duk ragowar biki can take kaiwa.

Da ciwo ya kwantar da ita, har sadakarta ta auna mana. "Ni ba Bahaushiya ba ce, dangina suna nesa. Mutum arba'in, in an yi ruwa talatin."

Da ta rasu, ranar sadakar uku layinmu ya toshe. 'Yan dako, masu atamfa, amaren da ta ciyar da 'ya'yansu, har mai shinkafar nan. Kafin azahar abinci ya yanke. Muna kankare tukunya muna dariya, muna kuka.

Iya, wannan karon kin faɗi, kuma mutanen sun zo. Allah Ya jiƙanki, Ya ba ki ladan da ba ya ƙirguwa.