Layin da Mama Ta Tsallake

Mahaifiyata tela ce, kuma ban taɓa ganin wadda zama ke yi wa wuya kamarta ba. Ko a coci ƙafarta na motsi kamar tana taka keken ɗinki. Da idon Baba ya yi rauni, ƙananan haruffan Littafi Mai Tsarki suka gagare shi, sai ta sayo littattafan rubutu ta shiga kwafa masa Linjila da manyan haruffa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Ni ban ga aikin ba. Mun yi faɗa da Baba don na ƙi gadon sana'arsa ta kafinta, na bar gida shekara biyar, ban dawo ba sai ranar binne shi.

Sati biyu bayan rasuwar, ina zaune a shagonta, bakina ya jawo mana. Don in nuna na yi karatu, na ce mata ai kafin injin buga littafi da hannu ake kwafar Littafin, kuma tsofaffin kwafin ba su zo ɗaya a ko'ina ba. Wani ya tsallake layi, wani ya maimaita. Sai masana sun jera su da yawa sun gwada, sannan kuskuren kowa ya fito.

Keken ya tsaya.

"Su da ba su da wani aiki sai shi, sun yi kuskure?" in ji Mama. "To ni fa, da nake rubutu ana kirana awon riga? Me na ba babanka ya karanta?"

Na yi ta lallashi, ina! Ta kwaso littattafan nan goma sha ɗaya ta zube kan teburin yanka. Ni ina karanta bugaggen Littafin da ƙarfi, ita tana bin nata da bakin almakashi. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa waje, ta dawo. Masu ɗinki suka zo, ta ce su dawo jibi. Kwana uku muna abu ɗaya, har na fara jin haushin kaina da nata.

A rana ta huɗu muka iso labarin ɗan da ya bar gida ya dawo. Layi biyu sun ƙare da kalmar "mahaifinsa", ashe lokacin da take kwafa idonta ya yi tsalle daga na farko zuwa na biyu. A kwafinta, ɗan ya kama hanya, sai kawai ga shi yana neman gafara. Inda uban ya hango shi daga nesa ya ruga ya rungume shi, babu.

Mama ta dafe kai. "Dubi yadda shafin ya yi baƙi. Nan babanka ya fi buɗewa. Shekara uku yana karanta uban da bai tashi daga zaune ba. Da na rubuta daidai, da ya nemo ka. Ni na raba ku."

Tausayinta ya kama ni, na karɓi littafin don kada hawaye ya ɓata shi. Sai na ga gefen shafin a lanƙwashe. Na buɗe. Da faffaɗan fensirin nan nasa na aiki, Baba ya yi 'yar alamar da yake yi wa katako inda za a yanka, daidai wurin da aka tsallake. A gefe ya rubuta layin gaba ɗaya daga ka, haruffan na hawa da sauka. Ashe ya gani, bai taɓa gaya mata ba.

"Mama, ya gyara," na ce. "Bai rasa komai ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ƙafarta ta tsaya cak. "Akwai wani abu a ƙasa, karanta min."

Na karanta, amma a zuci. Baba ya rubuta: "Ni idona ba ya hangen nesa. Sai dai yaron ya matso."

Ban matso ba.