Itacen Wankan Jego

Ba don na fi kowa hankali aka zaɓe ni ba. A garinmu, can cikin kwarin Tarka, mu uku ne matan da muka zauna a lakwal, makarantar boko, har muka iya karatu, biyu kuma aure ya kai su nesa. Da aka ce ana son mace mai 'ya'ya da za ta riƙa bi gida-gida tana duba masu ciki da masu jego, sai aka nuno ni. Kwana biyar muka yi a Belbeji ana koya mana aikin. Na dawo da jaka shuɗiya, da littafin hotuna, da ɗan ma'aunin dantsen yara mai kala uku, kore da rawaya da ja. Na dawo kuma da girman kai, amma wannan ba a ba ni shi a jaka ba, ni na ƙaro abina.

Wadda ta fi kowa yi mini tsiya ita ce ƙawata. Danga ɗaya ta raba gidan iyayenta da namu, tare muka tashi, tare muka sha dukan fasa tulu. In ta hango ni da jaka sai ta ce, "A ba Madam likita hanya." Haihuwarta biyu, babu wanda ya zauna. Na fari ko suna bai kai ba, na biyu ya tafi yana haƙori. Har an fara raɗa cewa wabi take yi. Cikinta na uku ya tsufa mijinta yana ci-rani a Libiya, don haka ta dawo gidan uwarta haihuwa.

Wata safiya a bakin rijiya, muna jiran jaki ya jawo guga, ta daina dariya ta ce da ni, "Ke da kika yi karatun kwana biyar, ki zaunar mini da wannan. Na gaji da ninke zanen goyo." Na ce mata in Allah ya yarda zai zauna. Na faɗa da ƙarfi, kamar a hannuna abin yake.

Uwarta, wadda ni ma Inna nake ce mata, ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, don tawa uwar ta riga ta rasu. Wanda bai san Damargu ba ba zai gane abin da wankan jego yake ci ba. Kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma, a ƙasar da itace sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka haɗa dami guda. Tun cikin ƙawata bai fito ba Inna ta fara tara itace. Ta jibge itacen a bayan rumbu, ko tuwo ba a taɓa mata kara ɗaya. Ta ba Buzaye hatsi suka ba ta kanwa mai kyau. Duk wanda ya ga tarin nan ya san yadda take son 'yarta.

An haihu a farkon bazara, ɗa namiji. Ran da na je da jakata na tarar Inna tana shirin tatse dakashi, nonon farko, ta zubar, ta ba jinjiri ruwa da nonon akuya har nonon uwar ya yi fari. Ga kasko kuma a wuta za a gasa cibiya. Nan na tayar da ƙayar baya. Na buɗe littafin hotuna, na ɗaga murya a gidan da ban taɓa ɗaga murya ba. Inna ta bar ni na gama, ta yi mini kallon sama da ƙasa.

"To, 'yar lakwal, mu raba," in ji ta. "Jinjiri naki, yi masa abin da takardarki ta ce. Mai jego tawa ce, ni na haife ta. Kada in ji bakinki a kan wanka."

Na ce na yarda. Wallahi murna nake yi a hanyar gida, ina ganin na ci nasara. A littafina shafi guda ne na mai jego, zubar jini da zazzaɓi, sauran duk na jinjiri ne. Wanka kuwa ni ma an yi mini, ga ni da raina.

Kullum sai na leƙa, ko ba ranar ziyara ba. In wanke hannu, in duba cibiya, in duba ido, in tsaya a kan ƙawata har jinjirin ya kama nono yadda ya kamata. Yaro ya yi ɓul-ɓul. Ita kuwa sai in ce, "Sannu da jego," ta ce, "Lafiya lau," iyakar dubawar da nake mata ke nan. Ina jin ƙarar ganyen da Inna take tsomawa a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a bayan ɗaki. In ta fito ta hau gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a cikin zafin bazara, a miƙo mata ƙwaryar kunun kanwa.

Bayan suna da kamar mako biyu ta fara cika. Fuska ta yi faɗi, ƙafafu suka yi nauyi. Matan da ke zuwa barka suna cewa, "Kai, jego ya karɓe ki," Inna tana jin daɗi. Ni ma na faɗa, har na fi su. Akwai wani awarwaro na ƙarfe da take sawa tun muna 'yan mata, na ga ya nutse a hannunta, na ce, "Mai Libiya zai dawo ya kasa gane ki." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce mini yanzu a zaune take barci, jingine da bango, don in ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Na ce mata nono ne ya cika. Da bakina na faɗi haka, ina riƙe da ɗanta ina masa wasa.

A kwana na talatin na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na dafa ƙaurinta zan tashi. Da na ɗauke hannu sai na ga shaidar yatsuna ta zauna, rami huɗu, ba su cike ba. An koya mana wannan a Belbeji, amma a ƙafar yaro mai tamowa. Abin da muke ta yi wa barka ruwa ne.

Na samu Inna a bakin murhu na ce, "Inna, a tsayar da wankan nan da kanwa, mu kai ta likita. Kumburi ne."

Ta ce, "Na gani tun kafin ki gani. Sanyi ne ya shige ta, wuta ce ba ta isa ba." Ta ƙara itace biyu a gabana. "Saura kwana goma. Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Kuma ai mun raba, ko kin manta?"

Ban manta ba. Na hau tudun da ake samun layin waya na kira mijin. Ya ce, "Ni ina nan, me zan gani? Abin da Inna ta ce shi ne." Na koma wurin ƙawata na roƙe ta ta ce ba ta so. Ta ce, tana numfashi sama-sama, "Ki dubi itacen da tsohuwar nan ta ɗauko da kanta. Da wane baki zan ce mata a'a?" Na yi fushi da su duka, na yi kwana biyu ban shiga gidan ba. Wannan ma yana cikin abin da ba na yafe wa kaina.

A kwana na talatin da shida ta faɗi a wurin wankan safe. Inna da kanta ta fito ba mayafi tana neman amalanke. Rana ta yi tsaka kafin mu kai ƙaramar likitar da ke garin kasuwarmu. Ma'aikacin ya san ni, don wurinsa nake kai takardar aikina duk wata. Ya danna ƙafarta, ya saurari ƙirjinta, ya juyo ya ce, "Tun yaushe?" Na ce kwana shida. Ƙarya na yi, ya fi mako biyu. Ya ce zuciya ce ta gaji, kanwa ta tara mata ruwa a jiki, zafi ya ƙara mata nauyi, kuma abin ya fi ƙarfinsa, sai babbar likita ta Damagaram.

Aka samo motar kasuwa. Ina gefenta da jinjiri a cinya, Inna ta tallabe kanta. Ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta ce a hankali, "Madam likita, naki dai ya yi ƙiba ta gaske." Ba ta sake magana ba. Ta cika ba mu ko kai bakin kwalta ba, direba ya juya da mu.

Ni da Inna muka yi mata wanka. Awarwaron nan ya ƙi fita ko da sabulu, sai da aka aro awartaki a gidan maƙera.

Yaron na riƙe shi da duk abin da na sani. Babu mai shayarwa a dangi a lokacin, sai nonon akuyar da na hana a ranar farko. Na tafasa, na tace, na wanke cokali. Gudawa ta kama shi da saukar ruwan farko, na kai shi likita sau biyu, ya tafi yana wata biyar. Ma'aunin dantsen da ke jakata daga wata shida ake fara sa wa yaro, ban taɓa ɗaura masa ba.

A gari magana ɗaya ce: an fitar da mai jego kafin arba'in, an yanke mata wanka, iska ta buge ta a hanya. Ba wanda ya faɗa mini a ido. Inna ma tana amsa gaisuwata, har tana aiko mini da fura. Har yau ina yawo da jakar. Yanzu ƙafar uwa nake fara dannawa kafin in dubi ɗa, ina maganar kanwa har bakina ya bushe. Su ce mini "to," in ba da baya a ɗora tukunya. Ban yi tsammanin zan ga canjin wannan abu da idona ba, kuma na gaji.

Ƙanwar ƙawata tana da ciki wata biyar. Makon jiya ina dawowa daga wani ƙauye na tarar da Inna a hanya, ta sauke damin itace tana hutawa, ta kasa mayar da shi ka. Ta tsufa ƙwarai a shekara biyun nan. Ta ce, "Yauwa, 'yar nan, Allah ya kawo ki. Wannan karon ba za a ce wuta ba ta isa ba. Ɗora mini."

Na tsaya da jaka a kafaɗa, maganar tana bakina. Ta riga ta gyara gammo ta sunkuya tana jira. Na ajiye jakar a ƙasa, na kama damin na ɗora mata.